Ƙawata tana yi wa kanta allurar marasa lafiya, ni kuma na sa mata hannu a rijista

Assalamu alaikum Anti. Ni nas ce a ɗakin matan da aka yi wa tiyata a wani asibitin gwamnati. Ina da ƙawa, tare muka yi makarantar koyon jinya, tare aka ɗauke mu aiki. Shekara biyu da suka wuce adaidaita sahu ta kife da ita, ta karye a cinya, aka daɗe ana yi mata allurar kashe zafi da ake kira penta. Ta warke ta dawo aiki. Tun bara na ga ta canza. Kullum ita ce mai neman aikin dare, ita ce mai son riƙe makullin kabad ɗin magani. Wani lokacin sai ta ce kwalbar allura ta suɓuce mata ta fashe, in sa mata hannu a rijista a matsayin shaida. Na sa sau huɗu ban ga fasasshiyar kwalba ko ɗaya ba. Makon jiya na tura ƙofar banɗakin ma'aikata na same ta da sirinji a cinyarta. Ta durƙusa tana kuka, ta haɗa ni da Allah kada in gaya wa kowa, ta ce daga ranar ta daina. Mijinta bai sani ba, 'ya'yanta uku, albashinta ne ke riƙe da mahaifiyarta. Abin da ya hana ni barci shi ne, a daren nan wata da aka yi wa tiyatar haihuwa ta kwana tana nishi, alhali an rubuta an yi mata allura. Ina zargin ruwa aka yi mata. In na kai ƙara na tona asirin aminiyata, in na yi shiru ban san inda abin zai tsaya ba. Me zan yi?

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma duk karatun a wuri ɗaya nake tsayawa, wajen matar nan da ta kwana tana nishi. An yanka cikinta an ciro ɗa, an ɗinke, maganin barci ya sake ta, ta ga nas ta zo da sirinji ta ji sanyi a ranta, sannan ta kwana tana jiran sauƙin da ba zai zo ba. Wataƙila ma da safe an ce mata raki gare ta. Ke kin ɗauka tsakanin ke da ƙawarki ne maganar take, amma ku uku ne a ciki, kuma ta ukun ce kaɗai ba ta da bakin magana. Duk abin da zan gaya miki a ƙasa, ki karanta shi da ita a zuciyarki.

Bari in fara da abin da ya sami ƙawarki, domin in ba ki gane shi ba, ko dai ki tsane ta ko ki yarda da alkawarinta, kuma duka biyun kuskure ne.

Penta, wato pentazosin, 'yar gida ɗaya ce da morfin da fetidin da kodin da tiramadol. Dukkansu a wuri ɗaya suke aiki cikin ƙwaƙwalwa da laka, inda jiki yake da nasa sinadarin kashe zafi. Abin dariya, lokacin da aka fito da ita a Amurka a 1967, tallarta ake yi da cewa ita ba ta cika kama mutum kamar morfin ba. Ba a daɗe ba likitoci suka gane ba haka ba ne. Idan aka daɗe ana ba jiki irin wannan magani, abu biyu ke faruwa ga kusan kowa, malami ne ko ɗan daba. Na farko, kwalba ɗaya ta daina yin abin da take yi a da, sai biyu. Na biyu, jiki ya saba har ya zama in babu maganin sai ya tayar da bori. Waɗannan biyun ba su ne jarabar ba tukuna. Mai ciwon daji da ke kan morfin wata da watanni yana da su, kuma ba za a kira shi ɗan ƙwaya ba. Jaraba ita ce mataki na gaba, lokacin da maganin ya karɓe linzami: mutum yana ganin ɓarnar da idonsa, yana kuka, yana rantsuwa, kuma gobe ya koma. Matar da za ta iya zuƙo ruwa a sirinji ta tsira wa mai jego, alhali ta san abin da take yi, ta kai wannan mataki.

Kin ce ta ce ta daina. Na yarda har zuciyarta take nufi. Amma ki lissafa abin da ke jiranta. Cikin yini guda da allurar ƙarshe za ta fara hamma ba ƙaƙƙautawa, hawaye da majina suna zuba kamar mai mura, tsigar jikinta na tashi, gumi na karyo mata a cikin sanyi. Kwana na biyu da na uku su ne masu wuya: murɗar ciki, gudawa, amai, ciwon gaɓoɓi kamar ana kwankwatsa ƙashi, ga rashin barci, ga wani irin ƙunci da ba shi da suna. Abin yakan lafa cikin mako guda ko kwana goma, amma ƙishin maganin yana iya bin mutum watanni. To ki ɗauki mace a cikin wannan hali, ki tsayar da ita ƙarfe uku na dare a ɗakin da kowa ya yi barci, ki saka mata makullin kabad a aljihu, ta san kwalba ɗaya ta miligiram 30 za ta ɗauke mata duk wannan azaba cikin minti kaɗan. Wannan ba gwajin imani ba ne, ajiye kura ne gadin akuya.

Mu masu aikin asibiti muna da wani ruɗi da ya fi na kowa. Mun san adadi, mun san inda ake tsira allura, mun ga ɗaruruwan mutane an yi musu sun tashi lafiya, sai mu ɗauka mu abin ba zai kama mu ba. Ga aikin dare da ke ɓata barci, ga ciwon baya na ɗaga marasa lafiya, ga nas ɗaya a kan gado ashirin ko fiye. Na taɓa aiki da wata, Allah Ya ji ƙanta, wadda kowa ke yabo saboda ba ta taɓa ƙin karɓar aikin wani ba. Ko da zafin bazara doguwar riga take sawa ƙarƙashin yunifom. Ranar da zazzaɓi ya kayar da ita muka kwantar da ita, na nemi inda zan yi mata allura a cinya na rasa. Fatar ta yi baƙi ta ƙandare kamar katako, ga ramukan gyambo, wasu sun warke wasu suna ruwa. Haka penta take yi wa nama in aka daɗe ana tsira ta wuri ɗaya: tana kashe tsoka ta mayar da ita tauri, har gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa. Shekara nawa muna tare da ita, kowa ya ga alama, kowa ya ce ba ruwansa. Ni ma ina cikinsu, shi ya sa ba zan yi miki magana mai daɗi ba.

Kada kuma ki ɗauka ƙawarki wata baƙuwar halitta ce. Binciken da gwamnatin Najeriya ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, kuma miliyan 4.6 daga ciki irin waɗannan magungunan kashe zafin ne suka sha ba bisa umarnin likita ba. Cikin masu amfani da ƙwayar, ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Kin tuna 2018, da BBC ta fito da rahoton nan kan kodin, gwamnati ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin cikin kwana ɗaya biyu. An rufe ƙofa ɗaya, amma wanda jikinsa ya riga ya kamu ba ya warkewa da sanarwar minista, wata ƙofar yake nema. Na kawo wannan ne don ki san cewa ko an karɓe makulli daga hannun ƙawarki, in ba a yi mata magani ba, kemis ɗin bayan layi yana nan.

Yanzu maganar rufin asiri, tunda da shi ta ɗaure ki. Gaskiya ne an ce wanda ya suturta Musulmi Allah zai suturta shi. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne kuma ya ce ka taimaki ɗan uwanka ko shi ne mai zalunci ko shi ake zalunta, da aka tambaye shi yadda za a taimaki mai zalunci ya ce ka hana shi. Sutura ita ce kada ki kai labarinta ɗakin hutun ma'aikata, kada ki saka shi a guruf ɗin WhatsApp na 'yan ajinku, kada ki gaya wa kishiyarta ko danginta don a ji daɗin gulma. Wannan kam ki riƙe shi har kabari. Amma shirun da zai bar ta da makulli, ya bar masu jego da ruwa a jijiya, ba sutura ba ce. Kuma asirin da kike ƙoƙarin rufewa ba mai rufuwa ba ne. Ko dai mai kula da magunguna ya ƙirga kwalabe ya ga giɓi, ko a tsince ta a banɗakin nan ba ta numfashi. Tonuwar da za ta zo ta hannunki, a natse, ita ce mafi sauƙi a cikin duka.

Abu na farko, daga yau hannunki ya fita daga rijistar nan sai kan abin da idonki ya gani. Kwalba ta fashe? A nuna miki gilashin. An yi wa mara lafiya allura? Ki tsaya a zuƙo a gabanki, a yi a gabanki. Haka dokar aikin take tun asali, mu ne muka mayar da sa hannu gaisuwa. Kuma ki sani, sau huɗun nan da kika sa, ke ma kin shiga ciki. In bincike ya zo, takarda ba ta san ƙawance ba, sunanki za ta nuna kusa da nata.

Na biyu, ki zauna da ita cikin kwana biyun nan, kada ki bari ya kai mako. Ba a wurin aiki ba, ba ta waya ba, ba kuma lokacin da kika ga idonta ya yi nauyi tana gyangyaɗi ba. Kada ki fara da wa'azi, ta fi ki sanin haramun ne. Ki faɗi abin da kika gani kawai: ranar kaza na gan ki, daren nan mai gado kaza ta kwana tana kuka, na sa hannu sau huɗu kan abin da ban gani ba, ba zan ƙara ba. Sannan ki ce mata, ba zan iya yin shiru ba, amma ba na so ki ji daga sama. Ki zaɓa, ko mu je tare ki faɗa da bakinki, ko in je ni kaɗai ranar kaza. Ki saka rana, ki tsaya a kanta. Za ta yi kuka, za ta iya zaginki, za ta tuna miki da ranar da ta kwana a kanki kina naƙuda. Ki bar ta ta faɗa. Wanda ya kai kansa ya ce ina da ciwo ku taimake ni, da wanda aka kama da kwalba a jaka, ba kallo ɗaya ake musu ba, ko a ofis ko a gaban majalisar da ke ba nas-nas da ungozoma lasisi. Wannan damar ce kike ba ta, ko da yau ba za ta gode miki ba.

A zaman nan akwai tambayoyin da nake so ki yi mata a matsayinki na nas. Kwalba nawa take yi a rana, kuma tun yaushe? Tana haɗawa da wani abu? Da yawa suna haɗa penta da furometazin, maganin amai mai sa barci, wasu da diyazefam don su samu barci, kuma wannan haɗin ne ke danne numfashi. Tana shan tiramadol in ta rasa allurar? In tana sha, ki tuna iyakarsa a asibiti miligiram 400 ne a yini, na kasuwa kuwa ana samun ƙwaya ɗaya mai 225, kuma yawansa yana kawo farfaɗiya. Tana da ciki? In tana da shi, kada ta kuskura ta yanke maganin lokaci ɗaya da kanta, domin borin da jiki zai yi yana iya jawo ɓari ko haihuwa kafin lokaci. Wannan aikin likita ne. Ta ƙarshe, wadda muke jin nauyin yi: ta taɓa tunanin kashe kanta? Ki tambaya kai tsaye. Tambayar ba ta saka wa mutum tunanin, kuma kwanakin da asiri ya fara fita su ne mafi haɗari. In ta ce e, kada a bar ta ita kaɗai, a ranar za a ga likita.

Wa za a gaya wa? Mutum ɗaya mai iko da jadawalin aiki da makulli, ba taro ba. Ke kika san asibitinku, kin san wace babba ce mai riƙe magana, wace ce kafin azahar labari ya kai ɗakin wanki. Abin da za a nema a wurinta a fili yake: a ɗauke ƙawarki daga inda ake ajiye waɗannan magunguna nan take, a ba ta hutun rashin lafiya, a haɗa ta da likita. A nan ne ke ma za ki faɗi naki, cewa kin sa hannu ba ki gani ba. Zai yi ɗaci, wataƙila ki sha takardar gargaɗi. Ba zan yi miki alkawarin cewa ita ba za a hukunta ta ba. Ɗaukar maganin asibiti laifi ne, kuma wasu shugabannin kora kawai suka sani. Amma aikin da take tsoron rasawa, a hanyar da take kai yanzu ma rasa shi za ta yi, tare da ƙafafunta ko ranta.

Maganin kansa yana nan, kuma ba a gidan mari yake ba. Na faɗi haka ne don na san in dangi suka ji, wani zai kawo shawarar a kai ta inda za a ɗaure ta. Kin ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a 2019, mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Sarƙa tana hana mutum kaiwa ga allura, ba ta taɓa ciwon. Wurin zuwa shi ne likitan ƙwaƙwalwa: asibitocin tarayya na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, ko na Dawanau a Kano, ko sashen masu taɓin hankali na kowane asibitin koyarwa. In tana jin kunyar inda aka san ta, ta tafi wani gari. Na san za ta ce ita ba mahaukaciya ba ce. Ki ce mata su ne suka karanci wannan ciwon, kamar yadda likitan ƙashi ya karanci cinyarta.

Can za a fara da sauke ta daga maganin a hankali, ana ba ta abin da zai rage gudawa da ciwon jiki da rashin barci. Amma ki riƙe wannan da kyau, domin nan iyalai suke faɗuwa: wanke jiki daga maganin na mako biyu ba warkewa ba ne. Hasali ma bayansa ne haɗarin mutuwa ya fi yawa, saboda jiki ya manta sabon da ya yi. In ta koma ta yi adadin da take yi a da, zai iya tsayar mata da numfashi. Shi ya sa ake buƙatar watanni ana ganin likita da mai ba da shawara, a gano abin da ke tura ta, a duba ko akwai ciwon damuwa a ƙasa. Ga waɗanda abin ya yi wa katutu, akwai metadon da bufrenofin, magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka cikin jerin muhimman magunguna; suna kwantar da ƙishin ba tare da sun bugar ba, mutum ya yi aikinsa ya riƙe gidansa. Mutane suna cewa ai canjin ƙwaya da ƙwaya ne. Ni ban yarda ba, kamar yadda ban yarda mai ciwon suga ɗan jarabar insulin ne ba. Likita ne zai ga ko sun dace da ita da kuma inda za a same su. A duba cinyar nan kuma. In har yanzu tana ciwo, a nemi hanyar da ba ta wannan dangin magungunan ba, da gashin ƙashi da motsa jiki, don in aka bar zafin yana nan shi zai mayar da ita. A yi mata gwajin ciwon hanta da na ƙanjamau, a kula da gyambon in akwai.

Tunda ke ce kusa da ita, ki san alamar wanda maganin ya yi wa yawa: ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, numfashi ya ja baya ko ya koma minshari, a girgiza shi bai farka ba. Ki duba tun yau ko akwai naloksan, allurar da ke karya aikin irin waɗannan magungunan, a tiren gaggawa na ɗakinku, kuma bai lalace ba. Aikinsa yana iya ƙarewa cikin rabin awa zuwa awa ɗaya da rabi, don haka wanda ya farfaɗo ba a sallamarsa, ana zaune a kansa.

Wani abu da nake tsoro a kanki, ko da ba ki tambaya ba: kada abin nan ya mayar da ke mai rowar magani. Na ga nas-nas da bayan sun ga irin wannan, duk mai sikila da ya zo yana murƙususu ya ce penta ce ke yi masa aiki sai su harare shi su ce ɗan ƙwaya ne. Yaron da ya yi shekara ashirin da ciwo dole ya san sunan maganinsa. Wanda aka yi wa tiyata aka ba shi na kwana biyu uku bisa ƙa'ida, ba shi ne abin tsoro ba. Abin lura shi ne allurar da aka ci gaba da yi mako bayan mako babu mai tambayar yaushe za a tsaya, kamar yadda aka yi wa ƙawarki.

Mijinta kuwa, ba ke za ki gaya masa ba. Hakkinta ne, kuma ke ba ki san zaman gidansu kamar yadda ta sani ba. Amma magani na watanni ba ya ɓoyuwa ga wanda ake kwana ɗaki ɗaya da shi, kuma tana buƙatar mutum ɗaya a gida da ya san gaskiya, ko shi, ko yayarta, ko mahaifiyar. Yawancin maza sun fi fahimta in likita ne ya zaunar da su ya ce ciwo ne da ya samo asali daga karayar nan, maimakon su tsinci labarin a bakin maƙwabta. Ki ba ta shawarar ta bari a yi hakan a ofishin likita, ke kina gefenta in tana so.

In Allah Ya sa ta samu sauƙi ta dawo aiki, kada a mayar da ita aikin dare ko kusa da kabad da wuri, ko da ta roƙa, ko da ta ce an raina ta. Akwai sashen rigakafi, akwai awon ciki, akwai wurin karɓar marasa lafiya na yini. In kuma ta zame sau ɗaya, a koma wurin likita a ranar, kada a tsaya ana cewa ai mun faɗa.

Kafin duk wannan, ki duba jadawali yanzu. In ita ce da aikin dare yau ko gobe, ki nemi a haɗa ku, makullin ya kwana a aljihunki, kuma duk allurar da za a yi wa mai jego ki zuƙo ta da hannunki.